Sayar da Boxer don sayen tsohuwar Vespa: lissafin da na yi wa ƙanena

Ranar Juma'a bayan la'asar ƙanena ya turo Boxer ɗinsa cikin zaure, ya kafe shi, ya zauna bakin tabarma. Ko gaisuwa a gaggauce ya yi ta. Ya ce, "Yaya, na ga irin Basfar Baba. Ruwan toka, har da safayarta, kuma mai ita ya ce zai sayar. So nake in sa Boksan nan a kasuwa."

Ban yi saurin hana shi ba, domin na san abin da ke ransa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, kuma yana cikin ma'aikatan da suka sayi abin hawa da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, a 1975. Vespa Sprint ya saya. A kan dandamalinta na tsaya ina riƙe da kanta shekara da shekaru ana kai ni makaranta, babbar rigar Baba tana kaɗawa a bayana, warin hayaƙinta yana bin mu. Ƙanena ya riski ƙarshen zamaninta ne kafin a sayar da ita lokacin jinya, shi ya sa ta fi tsaya masa a rai. Ni kuwa na hau Boxer shekara huɗu, yanzu shekarata shida a kan Vespa PX. Na san daɗin kowanne, na kuma san inda kowanne yake cizo. Abin da na faɗa masa a zauren nan shi nake rubutawa, don na san ba shi kaɗai ne ke wannan tunani ba.

Kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fara fitar da Vespa a 1946, a garin Pontedera. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne da ba ya son babur saboda dattin sarƙa da wahalar ɗaga ƙafa, sai ya yi abin da za a zauna a kai kamar kujera, aka rufe injin a gefe, aka sa garkuwa a gaba. Sunan da harshensu yana nufin zanzaro, kuma duk wanda ya kalli siririn ƙugunta ya ji kukanta zai gane dalili. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Bajaj ɗin nan na Indiya da ke ƙera Boxer da Vespa ya yi suna. A 1960 ya fara haɗa ta da izinin Piaggio, daga baya ya ci gaba da tasa mai suna Chetak, daga 1972 har wajajen 2005. Wato baburan biyu 'yan uwa ne na nesa. Sai dai ɗaya har gobe ana sauke shi a kwali, ɗaya kuwa, wato Vespa mai giya a hannu, an rufe babinta. PX ta fito a 1977, aka daina ƙera ta wajajen 2017 saboda dokokin hayaƙi na Turai, kamfanin LML na Indiya da ke yin kwafinta shi ma ya rufe a wannan tsakani. Duk Vespar da ka gani a titinmu mai giya a hannu tsohuwa ce, kuma ta ratsa hannun mutane da yawa kafin ta iso gare ka. Kusan duk bambancin da ke tsakanin baburan nan daga nan ya samo asali.

Mu fara da mai, tunda shi ne abin da za ka riƙa biya kullum. Injin Boxer mai bugu huɗu ne, baƙin mansa yana zaune a cikin inji, sai lokacin juye ya yi ka zubar ka sa sabo. Injin Vespa mai bugu biyu ne, baƙin mai tare da fetur yake ƙonewa, shi ne shuɗin hayaƙin nan da ke fita ta salansa. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita ta fetur, mililita 100 a lita 5. Wasu PX na baya-baya suna da tankin baƙin mai daban da famfon da ke gauraya shi da kansa, amma da yawa daga cikin waɗanda ke hannun mutane an cire famfon ko ya mutu, sai an auna da hannu. Ka rage, fistin ya kama a tsakiyar hanya. Ka zabga da yawa, filogi ya yi baƙi, salansa ta toshe, ƙarfi ya ragu. Kuma ba kowane baƙin mai ba, akwai na injin bugu biyu musamman. Na sha ganin masu zuba na mota don araha, bayan 'yan watanni a buɗe kan inji a tarar da gawayi ya yi kauri kamar ƙanzo a gindin tukunya.

A zamanin Baba ba wanda yake wannan lissafi. Amma tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta ci gaba da hawa har ta taɓa haura 1,000. A abin da na gani da idona, litar da za ta kai Vespa wani wuri za ta kai ƙaramin Boxer mai injin cc 100 kusan ninkin wannan tafiya. Ka ɗora kuɗin baƙin mai a kai. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa shago ce da masallaci ba zai ji wannan sosai ba. Wanda ke cin kilomita 40 ko 50 a yini kuwa zai ji shi a aljihunsa tun kafin wata ya raba.

A sauri ba wata tazara da za ta sa a yi gardama. Vespa mai injin cc 150 tana da tashi mai kyau daga tsaye, Boxer ya fi jure doguwar tafiya ba tare da ya gaji ba. A cikin gari babu wanda zai bar wani a baya.

Inda maganar take da nauyi shi ne gyara. Boxer ya lalace maka a kowane ƙauye tsakanin Kano da Gusau, za ka sami yaro a gindin bishiya da zai kwance shi ya mayar ido rufe, kuma kayan suna rataye a shagon da ke kusa: sarƙa, sifoket, takalmin birki, ringi, kebur, na asali da jabu, ka zaɓa daidai ƙarfinka. Yawansa a hannun 'yan acaɓa ne ya jawo haka. Ko bayan da aka hana goyon haya a birnin Kano a Janairun 2013, garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye ba su daina cika da shi ba.

Vespa kuwa makanikenta daban ne. A duk yankinmu mutum uku na sani da zan iya barin tawa a hannunsu in tafi gida hankali kwance, kuma ƙaraminsu ya yi furfura. Wanda nake zuwa wurinsa dattijo ne da ya koyi aikin tun yana yaro, a rumfar langa-langa yake, tsofaffin murafen gefe jere a bayansa. Ranar da na fara kai masa tawa bai taɓa ko sifana ba. Ya ce in tayar. Na buga kik ta tashi. Ya kwantar da ita kaɗan zuwa gefe ɗaya, ya kasa kunne, ya mayar da ita ɗaya gefen, sai kukan injin ya ɗaga da kansa ba wanda ya taɓa totur. Ya ce, "Ɗana, tana shan iska. Robar da ke tare mai a ƙarfen inji ta mutu. In ka ci gaba da hawa haka, wata rana tsayawa za ta yi cak." Na ce, "Baba, nawa ne robar?" Ya ce robar ba ta da tsada, isa gare ta ne aiki, sai an sauke inji an raba shi biyu. Kwana huɗu ta yi a wurinsa. Irin wannan sani ba a kowace rumfa ake samunsa ba, kuma yaran yanzu ba sa zama su koye shi, don kuɗin yana wajen Boxer da adaidaita sahu. Kafin ka tambayi kuɗin Vespa, ka fara tambayar wa zai riƙa duba maka ita, nisan rumfarsa nawa ne daga gidanka. Idan babu amsa, ka haƙura tun daga nan.

Kayan gyaranta ana samu, yawanci na Indiya, sai na kwance da ake tsinta a wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Amma nema ake yi, wani lokaci a jira mako. Ingancinsu ma ba ɗaya ba ne. Na taɓa sayen kebur na kuloci sabo a leda, bai yi wata biyu ba ya tsinke mini da daddare ana yayyafi, na tura ta fiye da kilomita biyu zuwa gida. Tun daga ranar akwatin gabanta ba ya rabuwa da kebur biyu, filogi, sifana da 'yar kwalbar baƙin mai. Vespa da kebur take rayuwa: na kuloci ɗaya, na giya biyu, na totur, na birkin gaba da na baya. Mai ita dole ya iya sauya su da kansa. Idan kai mutum ne da ba ya son hannunsa ya taɓa baƙin mai, wannan babur ba naka ba ne, kuma ba aibi a cikin haka.

Sai dai in yi mata adalci. Ba ta da sarƙa, injin kai tsaye yake juya tayar baya, don haka babu ɗaure sarƙa, babu sauya sifoket, babu bawul da za a saita. Injin in an haɗa shi da kyau ana ba shi mansa daidai, yana daɗewa ƙwarai. Ga safaya: taya ta yi faci, ka kwantar da babur a gefe, ka kwance goro biyar, ka ɗaura wata, cikin minti goma ka kama hanya. Mai Boxer sai ya tura zuwa wurin mai faci. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, in dai zumar ba a gauraya ta da ruwa ba.

Hanyar da kake bi ita ma ta shiga lissafi. Tayar Boxer inci 17 ce, ta PX da Sprint inci 10, wasu tsofaffin ma inci 8. Babbar taya haye rami take yi, ƙarama faɗawa take yi ciki. A rairayi kan Vespa rawa yake, a taɓon damina cikinta yana dukan ƙasa, ga nauyin inji da ya karkata dama wanda sai ka saba da shi. Birkin gaba na tsofaffin ba shi da kamu sosai, sai a 1998 aka fara sa wa PX birki mai faifai, kuma irin waɗannan ba su da yawa a wurinmu. Fitilar waɗanda suka girmi PX ma dishi-dishi take, ba ta tafiyar dare a hanyar da babu haske ba ce. Boxer kuwa don irin hanyoyinmu aka yi shi. Dogon sirdi, ƙarfen ɗaura kaya a baya, ka ɗora buhun masara ka bi burji ka tsallake kwazazzabo.

A kwalta cikin gari fa, labari ya juya. Mai babbar riga ya zauna a Vespa ba tare da ya tattare rigarsa ko ya ɗaga ƙafa ba, ya isa ɗaurin aure ko masallacin Juma'a ƙafar wandonsa fes, don garkuwar gaba ta tare ƙura da ruwan kwata. Babu salansa mai zafi da za ta ƙone ƙafar wanda aka goya, babu sarƙar da za ta kama gefen zani. Dandamalin ƙafa yana ɗaukar cefane, shi ya sa mahauta da 'yan kasuwa suka daɗe suna riƙe da ita. Akwai kuma yadda ake kallon mai ita, kuma ni ba na raina wannan. Ka tsaya a danja a kan Vespa, ba wanda zai ɗaga maka hannu ya ɗauka ɗan acaɓa ne. Dattawa su tsayar da kai su ba ka labarin tasu. Jami'an tsaro a shinge ma ba sa yi maka kallon da suke yi wa matashi a kan Boxer, musamman tun da rashin tsaro ya sa jihohi irin su Zamfara da Katsina da Kaduna suka ƙaƙaba wa babura takunkumi a 2021. Ɓarawo shi ma Boxer yake nema, don cikin dare ɗaya za a kwance shi a sayar da kayan. Tawa a ƙofar masallaci nake barinta da makullin kai kawai, alhali lokacin da nake da Boxer sarƙa da kwaɗo biyu nake yawo da su.

Yanzu kuɗi, kuma nan ne na fi ja wa ƙanena kunne. A ido lissafin yana da daɗi: a sayar da Boxer, a sayi Vespa, har canji ya rage. Amma canjin nan ba naka ba ne, na Vespa ne. Ban taɓa ganin wanda ya sayi tsohuwa bai kashe mata kuɗi a watanni ukun farko ba: tayoyi, kebur gaba ɗaya, kafireto, wayoyin wuta, sau da yawa har buɗe inji. Ni na ware kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sayenta don gyara, kuma bai yi saura ba. Ka cire la'adar dillali a ɓangaren sayarwa da na saye. Sannan ka tuna cewa tun da darajar naira ta faɗi, sabon Boxer ya haura miliyan ɗaya. Wanda ke hannunka, da ka san tarihinsa, ka san ranar da aka yi masa juye na ƙarshe, in ya fita ba zai dawo a kuɗin da ka sayar ba. Idan bayan wata shida ka ga Vespa ba ta yi maka ba, Boxer ana sayar da shi a wuni ɗaya, ita kuwa sai ta jira mai sonta, wata ɗaya ko uku, shi ma ya zo yana taya ta kamar ba ya so. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kada ka saki babur ɗinka sai ka ga Vespar da ido, makanike ya duba ta, an yi ciniki an gama.

Dubawar ma tana da ƙa'ida. Sabon fenti kada ya ruɗe ka, shi ne ma abin da ya kamata ya sa ka ƙara lura. Vespa ba ta da ƙashin bututu irin na sauran babura, jikin ƙarfen nan da kake gani shi ne ƙashinta. Ka ɗage robar dandamali, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi da tocila, ka ƙwanƙwasa. Inda tsatsa ta ci aka cike da hodar gyaran jiki, ƙarar a dushe take fita. Ka duba tudun tsakiya da ya taso daga dandamali zuwa wuya, in akwai alamar lanƙwasa ko walda a wurin, ta taɓa yin karo, kuma wadda ƙashinta ya karkace ba ta sake miƙewa daidai. Ka tsaya a bayanta ka ga ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka taɓa injin ka tabbata da sanyinsa, sannan a tayar a gabanka. Ka hau ka sa giya huɗun duka, ka ja totur da ƙarfi a ta biyu da ta uku, in tana fitar da giya da kanta, to aikin cikin inji yana jiranka. Ka buɗe murfin gefe ka karanta lambar jiki: ta Sprint 150 da VLB1T take farawa, ta PX 150 da VLX1T. Da yawa jikin Italiya ne da injin Indiya, ko Chetak ce aka manna mata tambarin Vespa. Chetak ba abin ƙi ba ce, babur ce mai ƙarko, amma a saye ta da sunanta da kuɗinta. Lambar jiki da ta inji su dace da abin da ke takarda, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, ko da mai sayarwar limamin unguwa ne.

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da zirga-zirgarsa cikin gari ce a kan kwalta, wanda in babur ya kwana uku a rumfar gyara abincin gidansa ba zai tsaya ba, wanda yake da makanike a kusa, yake kuma jin daɗin zama da sifana ranar Asabar, ya sayar ya saya, ba zai yi nadama ba. Ni ban yi ba. Duk safiyar da na buga kik na ji wannan ƙara, Baba nake tunawa, in yi masa addu'a, kuma babu wani sabon babur da zai ba ni wannan. Amma wanda babur ɗinsa shi ne ƙafarsa kuma shi ne jarinsa, kada ya taɓa shi. Ya nemi Vespa ta zama ta biyu, ko da zai ɗauki shekara biyu yana tarawa.

Ƙanena a rukuni na biyu yake. Makarantar da yake koyarwa tana wajen gari, rabin hanyar burji ce da ke cika da ruwa a watan Agusta, ga yara uku da yake saukewa a makarantarsu kafin ya wuce, ga gonar da yake leƙawa ƙarshen mako. Na jera masa waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru yana murza makullin da ke hannunsa, can ya ce, "Yaya, duk na san wannan. Tsorona kada wani ya riga ni. Irin ta Baba ce sak."

Na ce gobe da safe za mu ɗauki dattijon nan makanike mu je a duba ta. In ƙashinta lafiya yake, zan ba da kafin alƙalami daga aljihuna, shi kuma ya cika da kwasar adashensa ta watan jibi, ta zauna a zaurena ana gyara ta a hankali, Boxer kuma ya ci gaba da kai shi aiki. Sannan na miƙa masa makullin tawa, na karɓi nasa. Na ce ya hau ta mako biyu, ya bi da ita hanyar makarantar tasa kullum, ya rubuta duk litar da ya sha.

Ya tura ta waje, na nuna masa yadda ake matse kuloci a murɗa hannun hagu gaba ɗaya zuwa lamba ɗaya, na tuna masa birkin baya yana ƙasa a ƙafar dama. Sau biyu ta mutu masa a ƙofar gida, a na uku ta ɗauka. Har ya kai bakin lungu na ƙwala masa kira, na bi shi da kwalbar baƙin mai da 'yar murfin awo, na ce, "Murfi ɗaya a kowace lita, kuma ka fara zuba shi kafin fetur."